Mdou Moctar: Jitar Abzinawa da Ta Biyo ta Sakkwato

Mutum huɗu ne ke hawa dandamali da sunan Mdou Moctar. Uku 'yan Nijar ne, kullum cikin manyan riguna da rawani: Mahamadou Souleymane, mai sunan kuma jagoran tafiyar, da Ahmoudou Madassane mai riƙe da jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna. Na huɗunsu Ba'amurke ne, Mikey Coltun, mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, kuma shi ke haɗa musu sauti idan an zo ɗaukar faifai. A watan Afrilun 2024 sun yi wasa a bikin Coachella na jihar Kalifoniya, inda manyan mawaƙan duniya ke rububin a gan su. Faifansu kuma daga Matador yake fitowa, kamfanin birnin New York mai zaman kansa da ya yi suna da ƙungiyoyi irin su Pavement da Yo La Tengo da Belle and Sebastian. 'Yan jaridar can sun yi rubutu a kansu har sun gaji. Kusan kowa da hamada da raƙuma yake farawa, ya laƙaba wa Mdou sunan Jimi Hendrix na Sahara, sannan ya ambaci Sakkwato a layi guda ya yi gaba. Mu kam bai kamata mu yi gaba ba, domin a wannan layin rabonmu yake.

An haifi Mahamadou a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa, ƙasar makiyaya ta wajen Abalak da Cintabaradan, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da aka kafa saboda haƙar yuraniyom ɗin da Faransa ta daɗe tana kwasa. Ya zo duniya a kan gaɓar wahala. Farin 1973 da na 1984 sun cinye dabbobin Abzinawa, samari suka fantsama Aljeriya da Libiya neman abin yi, wasunsu suka ƙare a sansanonin soja na Gaddafi. A wannan zama na gudun hijira da kewar gida aka haifi kiɗan jitar da suke kira assouf. A ɓangaren Mali ƙungiyar Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib ce uwa; a Nijar kuwa Abdallah Oumbadougou ne uban tafiya. Cikin watan Mayun 1990 sojoji suka kashe fararen hula a Cintabaradan, kisan da har yau ake jayayya a kan yawan waɗanda suka rasu a cikinsa. Tawaye ya ɓarke, bai lafa ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995. Duk tsawon waɗannan shekaru kaset ɗin jita shi ne jaridar 'yan tawaye, ana kwafarsa a ɓoye ana miƙawa hannu da hannu.

Wasan Abdallah Oumbadougou yaron ya gani, daga ranar hankalinsa bai ƙara kwanciya ba. Gidansu gidan addini ne, kuma a wurin irin waɗannan iyaye jita kayan 'yan iska ce, ra'ayin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina. Tun da ba mai saya masa, sai ya nemi katako ya sassaƙa, ya zare wayar birkin keke ya ɗaura a matsayin tsirkiya. Ga shi kuma bahago, a ƙasar da jitar bahago ba ta zuwa kasuwa. Da ya zama saurayi ya bi sawun na gabansa ya tafi ci-rani Libiya, ya dawo ya shiga kiɗan biki.

A 2008 ya tsallako Sakkwato. Hanyar ba sabuwa ba ce: daga Tawa a gangaro Ƙonni, a tsallaka Illela, sai birnin Shehu. Shehun ma kansa ya taɓa bin ta a karkace, lokacin da ya je Agadas wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, kuma baƙin rawani mai ƙyalli da Abzinawa ke taƙama da shi daga marinar Kura ta ƙasar Kano fatake suka daɗe suna kai musu. Abin da ya kawo Mdou dai situdiyo ne. A lokacin waƙar nanaye ta finafinan Hausa ta cika ko'ina, daga Kano har Agadas, kuma duk babban gari a Arewa yana da ɗakunan ɗaukar sauti masu sauƙin kuɗi. Wanda ya taɓa shiga irinsu ya san fasalinsu: ɗaki ƙarami an manna soso a bango, fiyano ƙirar Yamaha a kan teburi, kwamfuta guda, makirufo guda, janareta na ruri a waje. Ba ganga, ba kalangu, ba kowa sai mai fiyano, wanda zai danna maɓalli injin ya buga kiɗa, ya ɗora sarewa da goge na ƙarya a kai. Sai kuma manhajar Auto-Tune, wadda wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997 don gyara muryar da ta kauce. Masu situdiyon Arewa ba gyara suka ɗauke ta yi ba, murɗe ta suka yi har ƙarshe, murya ta riƙa fita siririya tana karkarwa, ba a rabe ta mace da ta namiji sai an kasa kunne.

A irin wannan ɗaki aka ɗauki Anar, kundinsa na farko. Waƙoƙin soyayya ne cikin harshen Tamashek, jitarsa marar lantarki tana tafiya a hankali, kiɗan inji na biye da ita, muryar kuwa an ratsa ta cikin Auto-Tune irin na 'yan fim. Duk Bahaushen da ya ji zai rantse ya san waƙar, sai ya nemi kalma ɗaya da zai gane ya rasa. Masu sharhi a Turai sukan ɗauki wannan kundi kamar wasan yarinta da ya yi kafin ya gano hanyarsa. Ni ban yarda ba. Kafin Anar, kiɗan jitar Abzinawa yana da fuska guda: dattako, kewa, gwagwarmaya, kowa na bin sawun Tinariwen. Mdou ne ya nuna cewa ana iya ɗaukar assouf a sa masa rigar zamani da 'yan mata ke so, kuma ba a Faris ya samo rigar ba, a maƙwabta ya aro.

Ba kamfanin da ya fitar da Anar a lokacin. Waya ce ta fitar da shi. Shekarun nan ne wayoyin Caina masu memori da lasifika mai ƙara suka cika kasuwannin Sahel, intanet kuwa sai wane da wane. Idan kana son waƙa, ko dai ka je rumfar mai cajin waya ka ba shi memorinka ya tura maka daga kwamfuta, ko ka matsa kusa da abokin zamanka a mota ku kunna Bluetooth, ku riƙe wayoyin kusa da juna har layin da ke allo ya cika. Haka waƙoƙin suka bi direbobi da 'yan ci-rani suka shiga Mali da sauran ƙasashen hamada, sau da yawa ba sunan mawaƙi, ba hoto. Ko sisi bai shiga aljihunsa ba ta wannan hanya. Abin da ya samu shi ne gayyatar biki, wadda a ƙasarsu ita ce albashin makaɗi.

A arewacin Mali wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, ɗan birnin Portland, yana yawo yana kwasar waƙoƙi daga wayoyin mutane. A ciki ya ci karo da "Tahoultine", wadda ba abin da aka rubuta a jikinta sai Mdou. Ya sa ta a tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga a faifan garmaho a 2011, Music from Saharan Cellphones, ya kuma yi ta cigiya har ya samu mai waƙar a waya. Da ya zo Nijar ganinsa, tsarabar da ya riƙo masa ita ce jitar lantarki ta bahago. Shi dai wannan Kirkley ɗin ne ya je Kano ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a 2013 da sunan Harafin So, abin da ke nuna kunnensa bai raba kiɗan Mdou na farko da nanaye ba. A 2013 ɗin aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaradan, a 2014 kuma Anar ya samu fitowa a faifai, shekara shida bayan wayoyi sun gama raba shi.

Sai fim. A 2015 Kirkley da Mdou suka fitar da Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙi Prince, aka mayar da labarin Agadas: saurayi mai jita da babur, uba mai ƙyamar kiɗa, abokin hamayya, gasa a ƙarshe. Mai kallon Kannywood ba zai yi mamaki ba, don mun daɗe muna yi wa finafinan Indiya haka. Fim ɗin ba wani gwanin kyau ba ne a wajen wasan kwaikwayo, amma ya zaga bukukuwan finafinai, ya buɗe wa Mdou ƙofar rangadi. A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa. A wannan shekara ce kuma ya haɗu da Mikey Coltun, matashin da ya tashi cikin kiɗan hayaniya na birnin Washinton, ya kuma riga ya saba da makaɗan Mali. Ahmoudou Madassane kuwa tun da daɗewa suke tare, kuma shi ne ya tsaya wa Les Filles de Illighadad, 'yan matan ƙauye da suka ɗauki jita a al'ummar da ta bar wa mata gangar tende kawai. Daga nan Mdou Moctar ya tashi daga sunan mutum ya koma sunan ƙungiya.

Wanda yake son gane salon kiɗansu, bikin aure a Agadas zai fara dubawa. A fili ake yi, a bakin titi ko a wani kango. A shimfiɗa darduma, a ja waya daga janareta, a jingina lasifikokin da zafi da ƙura suka gama cinyewa. Mata na zaune gefe guda cikin ado, samari sun yi da'ira a kan babura. Ƙungiyoyin jita sun yi yawa a garin, kuma wanda bai tayar da mutane rawa ba, ba za a sake kiransa ba. Don haka kiɗan ya yi ta ƙara sauri da ƙara, lasifika na tsagewa, har tsagewar ta zama abin da kunne ke nema. Abin da Turawa suka ji suka ce rock ne, gasar neman liƙi ce ta haife shi.

Waƙarsu takan fara da jitar Mdou ita kaɗai, tana lalube. Ba ya amfani da 'yar robar da masu jita ke kaɗawa da ita. Da babban yatsa da manuni na hannun hagu yake fizgar tsirkiya, yatsun dama kuma na tsalle a wuyan jitar suna yin 'yan kwane-kwanen da mai molo ke yi. Sai Ahmoudou ya shigo ya kama zango ɗaya ya riƙe, ba ya sakinsa ko da waƙar za ta yi minti goma. Gangunan Souleymane uku-uku suke faɗuwa, kamar luguden mata a turmi guda, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da tenden Abzinawa ma turmi ne aka rufe bakinsa da fata. Mdou ya ba da waƙa, sauran su amsa, ga tafi. Muryoyin kiɗan biyar ne, irin waɗanda goge da garaya ke yawo a cikinsu, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin baƙunta. Inda suka bambanta da kowa shi ne abin da ke faruwa daga tsakiyar waƙa: mai ganga ya fara ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ba a lura, sai dai mutum ya ga ƙafarsa ta kasa bi. A nan Mdou ke sakin jitar ta yi kuka, yana dukan tsirkiya da yatsun hannu biyu, dabarar da ya ce a bidiyon Eddie Van Halen ya gani ya juya ta yadda ta dace da shi. Aikin Coltun a duk wannan shi ne ya danne ƙasa kada kiɗan ya tashi sama ya watse, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata.

Kundin farko da suka yi a matsayin cikakkiyar ƙungiya shi ne Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Detroit aka fitar a 2019. A 2020 suka ƙulla da Matador, ranar 21 ga Mayun 2021 kuma Afrique Victime ya fito. Ba a zama ɗaya aka ɗauke shi ba. Tsinte aka yi a ɗakunan otal da bayan dandamali da situdiyo daban-daban a tsakiyar rangadi, Coltun ya ɗinke. Akwai waƙar soyayya mai taushi irin "Tala Tannam", akwai "Chismiten" mai gudu, amma waƙar da kundin ya ci sunanta ita ta ɗaga su: sama da minti bakwai ana zayyana abin da aka yi wa Afirka, har da kisan Gaddafi, kafin jita ta karɓe maganar. Mutumin da ya tashi a Arlit ba ya bukatar a karanta masa wannan a littafi. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can, an kuma shafe shekaru ana haska biranen Faransa da shi, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba. Abdallah Oumbadougou bai ga wannan ɗaukaka ta mai bin sawunsa ba, ya rasu a farkon 2020.

Kada a ɗauka su kaɗai ne. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas ya riga su shiga Amurka da kundin Nomad a 2013. Sai dai waɗancan an fi ajiye su a rukunin kiɗan gargajiyar duniya, inda ake sauraro ana gyaɗa kai cikin ladabi. Su Mdou kuwa matasa masu son hayaniyar jita ne suka karɓe su, a ƙananan gidajen rawa, a kan dandamali ɗaya da ƙungiyoyin da ba ruwansu da Afirka. Kuɗin da ya samu kuma, wani kaso ya tafi wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan yankinsu.

Bayan dogon rangadin 2022 suka kulle kansu kwana biyar a wani gida da ba kayan kirki a cikinsa a arewacin jihar New York, suka ɗauki Funeral for Justice. Kafin ya fito, ƙasa ta juya. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau, aka rufe iyakoki da sararin sama, Najeriya ta yanke wuta, ECOWAS na barazanar yaƙi. 'Yan ƙungiyar uku suna Amurka a lokacin, ba hanyar komawa gida, sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu na zama. Cikin wannan zulumi suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin kundin gaba ɗaya da jita marar lantarki, a zaune, a hankali. Na farkon ya fito ranar 3 ga Mayun 2024, na biyun, Tears of Injustice, a watan Fabrairun 2025. Waƙar "Oh France" tun kafin juyin mulki aka rubuta ta, amma ta fito bayan sojojin Faransa sun tattara sun bar Nijar a watan Disambar 2023, sai ta zama kamar rakiya. Mdou dai ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan juyin mulki, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Mutane da yawa a Yamai da Maraɗi za su ce bakinsu ya ara.

Akwai waƙa guda a Funeral for Justice da ya kamata mu saurara da kunne biyu. "Imouhar" kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu da rubutunsu na Tifinag kafin su ɓace. Shi Faransanci ya fi nuna wa yatsa. Amma duk wanda ya san kasuwar Agadas ya san da wane harshe ake ciniki, da wane harshe yara ke wasa a lungu, kuma a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun saba da kukan Turanci na danne Hausa. Ba mu saba tunanin cewa a wani wurin mu ne masu dannewar ba.

Wani abin kuma da labarin nan ke tono mana shi ne na kayan kiɗa. Mdou ya zo ya ari fiyanonmu da Auto-Tune ɗinmu, ya yi kundi ɗaya da su, ya koma ga tsirkiya da fata da mutum huɗu masu gumi a dandamali. Mu muka zauna a inda ya same mu. Ba wai ba mu taɓa yin ƙungiya ba: Bala Miller ya yi a Kaduna da jita da ƙahonni yana waƙa da Hausa, a Yamai kuma Tal National ta Almeida, wanda ya haɗa aikin kotu da kiɗa, ta fitar da Kaani a 2013 ta hannun kamfanin FatCat na Ingila, ta zaga Amurka da waƙoƙin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. Amma a Kano yau, mawaƙin da ya fi kowa tashe yakan hau dandamali ne da makirufo a hannu, a sa masa waƙarsa daga kwamfuta yana bi. Wannan yana cika fili a Kano da Kaduna, har da Yamai da Kumasi, ba kuma ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba ya tsallaka zuwa inda ba a jin Hausa, domin wanda bai gane baitinka ba, hannunka yake so ya gani yana aiki. Masu sauraron Mdou a Detroit ba sa jin ko kalma ɗaya ta Tamashek.

A cikin kundayensu, Afrique Victime ne ya fi cika, Funeral for Justice ya fi zafi amma yakan gajiyar da kunne kafin a kai ƙarshe. Mai karatu da bai taɓa jin su ba, kada ya fara da ɗayansu. Ya nemi "Tahoultine" tukuna, ya saurare ta a lasifikar waya yadda aka fara jin ta, sannan ya sa "Afrique Victime" a babbar lasifika ya ƙure ƙara.